Daminar da Tanko Ya Yi Mulki

A shekarar 1957, lokacin da maganar mulkin kai ta cika bakin kowa a Zariya, tun daga teburin mai shayi har zaurukan malamai, Tanko ɗan Adamu yana ajin ƙarshe a wata makarantar sakandare da ke bayan ganuwa. Ɗan ƙauye ne daga wajen Soba, dogo, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Ubansa manomi ne. Amma a birni yana da masauki a unguwar Kwarbai, gidan Malam Abdullahi magatakarda, inda tun zamanin kakanni mutanen gidansu ke sauka in sun kawo dawa kasuwa. Ranar da aka ɗauki Tanko makaranta, Adamu ya riƙo hannunsa har cikin zaure, ya durƙusa ya ce, “Malam, ga ɗanka.” Ba a ƙara wata magana a kai ba.

Malam Abdullahi yana da ɗa sa'an Tanko, sunansa Kabir, ajinsu ɗaya. Kabir siriri ne, mai fara'a, Turanci a bakinsa kamar da shi aka haife shi. Makarantar ta kwana ce, amma duk Jumma'a akan saki ɗalibai su shiga birni su yi salla, su wuni, su koma kafin magariba. Waɗannan Jumma'o'in ne Tanko ya fi tunawa bayan ya manyanta. Da an sallame sai shi da Kabir su kutsa lunguna, su wuce marina inda shuni ya rine ƙasa da hannuwan mutane, su bi ta gindin rimaye inda maɗinka ke zaune da allura suna hira ba sa ko ɗaga kai, har su iso Kwarbai. Umma, mahaifiyar Kabir, ta riga ta dama fura ta rufe da faifai. Ƙwarya ɗaya take ajiye musu, ludayi biyu. “Yarana sun dawo,” haka take cewa, ba ta taɓa ware ɗaya ba. Duk da haka, in suna tafe a hanya Tanko yakan ɗan ja baya ya bar Kabir a gaba. Ba wanda ya sa shi. Haka ya ga ubansa yana yi wa Malam Abdullahi.

Mai koya musu tarihi a shekarar shi ne Malam Jumare, wani gajeren mutum mai 'yar furfura a gemu, wanda gidansa ke kusa da Ƙofar Galadima. Darasin ajin ƙarshe kuwa tarihin mulki ne: yadda ake samunsa, yadda ake riƙe jama'a, da yadda yake kuɓucewa. Littattafan duk labarin sarakunan Ingila ne da majalisarsu, ɗalibai suna haddace sunaye suna hamma. Malam Jumare ya lura. Wata Jumma'a bayan salla ya tattara su, ya hau da su kan ganuwa, a wani wuri da ruwan sama ya zaizaye ta har ana iya hawa. Daga nan ana hango birnin gaba ɗaya, soraye da kududdufai da gonakin cikin gari, can nesa kuma ga dutsen Kufena.

Ya buga ƙafa a kan ginin ya ce, “Don me aka tara dubban mutane suka yi wannan aiki?”

Kabir ya ce, “Don kada maƙiya su shigo, Malam.”

“Madalla. To in an rufe ƙofa da magariba, wanda ke ciki yana iya fita?”

Malam Jumare ya juya ga Tanko. “Kai da gidanku yake waje, me ka gani?”

Tanko ya ce, “Malam, ni dai tunanin da nake yi, waɗanda suka ɗauko ƙasar ginin, a ciki suka kwana ko a waje?”

Wasu suka yi dariya. Malam Jumare bai yi ba. Ya ce, “Ku riƙe tambayoyin nan biyu. Da su za mu yi shekarar nan.”

Makarantar tana da gona a bayan ɗakunan kwana, kowane aji da feginsa. Ajin su Tanko gyaɗa suka shuka. Tun suna ajin farko kuwa akwai wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta: in an fita gona, 'yan ƙauye su kama fartanya, 'yan birni su sami inuwar mangwaro suna muhawara. Da damina ta kankama, Malam Jumare ya nemi izinin hedimasta, ya shigo aji ya ce daga yau ajin zai mulki kansa. Za su zaɓi shugaba da ƙuri'a, kamar yadda manya suka fara yi a gari. Rabon aikin gona da sasanta rigimar aji duk suna hannun shugaban. Ya ƙara da cewa, “In kuma mafi yawanku sun gaji da shi, kuna da ikon ku taru ku sauke shi. Ni ɗan kallo ne.”

Kowa ya ɗauka Kabir ne zai yi, don shi ke yi wa aji magana a ko'ina. Amma akwai wani ɗalibi, Bahago, ɗan ƙauye shi ma, kakkaura mai babbar murya da iya ban dariya. Ya tare Tanko a bakin rijiya ya ce, “Kai za mu tsayar.”

Tanko ya ce, “Ni? Da Kabir? A gidansu nake cin abinci.”

“Mu kuma a gonarsu muke zufa. Ka ƙirga mu ka gani, mun fi su yawa. Ni in na tsaya za a ce wasa nake. Kai ne suke jin kunya.”

Tanko ya kwana biyu yana juya maganar. Ya tuna tafin hannunsa da ya yi kanta, ya tuna dariyar da ke tasowa daga gindin mangwaro. Ya amince.

Labari ya riga su isa Kwarbai. Jumma'ar da ta biyo, suna shiga zaure suka tarar da Malam Abdullahi zaune a kan buzu. Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya dubi Tanko ta saman tabarau ya ce, “Na ji wai sarauta kake nema.”

Tanko ya ce, “Baba, wasan makaranta ne. In ka ce in bari, na bari.”

“Ni na tsayar da kai?”

“A'a, Baba.”

“To ba ni zan zaunar da kai ba. Abin da nake so in ji shi ne, in an ba ka, me za ka yi da ita?”

“A raba aikin gona daidai, Baba.”

Malam Abdullahi ya juya ga ɗansa. “Kai fa?”

Kabir ya ce, “Ni na fi shi iya magana da hedimasta.”

Dattijon ya yi dariya har tabaraunsa ya zame. Ya ce, “Wannan yana da abin faɗa ba baki, wannan yana da baki bai tanadi abin faɗa ba. Allah ya taimaki ajinku. Ku shiga, uwarku tana jira.”

Ranar zaɓe aka kafa zana a kusurwar aji, aka ajiye gwangwanayen madara biyu a bayanta. A jikin ɗaya aka zana rimi, alamar Kabir, a jikin ɗayan zangarniyar dawa, alamar Tanko. Aka ba kowa ƙwayar wake, yana shiga shi kaɗai ya jefa. Da layi ya zo kan Tanko ya tsaya a bayan zanar har aka fara yi masa tari. Hannunsa ya je kan rimi ya dawo. Daga ƙarshe ya jefa a nasa. Da aka zazzage gwangwanayen a kan teburin Malam, zangarniya ta rinjayi rimi da 'yan ƙwayoyi kaɗan. Bahago ya ɗaga Tanko sama yana yi masa kirari. Kabir ya zo ya ba shi hannu, ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba.

Tanko ya yi niyyar raba aiki daidai, kamar yadda ya faɗa a zaure. Sai dai tun kafin ya buɗe baki Bahago da mutanensa suka kewaye shi. Bahago ya ce, “Daidai? Tun muna ajin farko muke yi musu noma. In ana son daidai, su ma su yi mana tukuna. Mu muka zaɓe ka, ba su ba.” Maganar ta shige shi, don akwai gaskiya a cikinta. Sai ya tashi a gaban aji ya ba da umarni: noman gyaɗa na biyu da kwasar taki duk na 'yan birni ne, 'yan ƙauye su ne masu duba aiki.

Haka aka yi. Tanko ya tsaya a inuwar mangwaron nan da bai taɓa zama a cikinta ba, iska tana kaɗa masa riga, yana kallon 'ya'yan malamai da 'ya'yan alkalai sun duƙa cikin laka. Ba su iya ba. Suna sare ciyawa suna haɗawa da gyaɗar. Bahago yana bin kunya-kunya yana kwaikwayon yadda suke riƙe fartanya, ana ta shewa. Kabir bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ya yi aikinsa, in an tashi ya wanke ƙafa ya wuce. Magana ce kawai ya daina yi wa Tanko, sai gaisuwa.

Da Jumma'a ta zagayo suka tafi Kwarbai tare. Umma ta kawo tuwo da miyar kuka. Kabir ya kai hannu zai yanka, ya janye da sauri yana cije leɓe. Umma ta kama hannun ta juya. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe sun yi ja.

Ta ce, “Subhanallahi! Me ya same ka?”

“Aikin gona ne, Umma.”

Ta shiga ɗaki ta ɗauko man kaɗe, ta zauna tana shafa masa a hankali. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Tanko, kana wurin?”

“Ina wurin, Umma.”

“Kana me?”

Ya ce, “Ina tsaye.”

Da ta gama ta wanke hannu, ta ƙara wa Tanko miya a gefensa kamar yadda ta saba, ta ce ya ci kada ya huce.

Bayan la'asar ya ce zai riga Kabir komawa, ya bi ta Ƙofar Galadima. Ya sami Malam Jumare a ƙofar gida yana watsa wa tantabarunsa gero. Ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, ya roƙe shi ya soke umarnin da bakinsa, don in daga Malam ya fito ba wanda zai ja.

Malam Jumare ya ce, “Wa ya ba da umarnin?”

“Ni, Malam.”

“To ni ina ruwana? Ko ƙwayar wake ba a ba ni ba.” Ya watsa wani geron, tantabaru suka yi caa. “Bari in tambaye ka. Da kake tsaye a gindin mangwaro, su suna duƙe, yaya ka ji? Kada ka gyara mini amsa.”

Tanko ya sunkuyar da kai. “Na ji daɗi, Malam.”

“Yauwa. Duk littattafan da na ba ku ba wanda ya faɗi wannan, shi ya sa na ce ku yi da kanku. Yanzu ka san abin da ke zaunar da mutum a kan kujera har a ɗauke shi da ita.”

“In na canza, su Bahago ba za su yarda ba.”

“Mai yiwuwa. Suna ma iya sauke ka, doka ta ba su dama. Ka je ka auna wanda ka fi iya ɗauka.”

Ranar Asabar Tanko ya tara aji ya ce ya janye umarnin farko. Daga yau kowace kunya mutum biyu ne, ɗan ƙauye da ɗan birni, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, ba kuma mai zama a inuwa, har shi kansa. Kafin ya rufe baki Bahago ya miƙe. Ya ce, “Jama'a, kun gani? Jumma'a ɗaya ya je Kwarbai ya dawo da sabuwar doka. Furar birni ta saye shi!” Nan take ya nemi a yi zaman sauke shugaba.

Aka yi zaman a ajin tarihi, Malam Jumare yana zaune a baya ya harɗe hannuwa. Bahago ya yi magana, aka yi dariya, aka tafa. Tanko ya tashi ya ce shi dai ya ga abin da ya yi da farko ba daidai ba ne, ya gyara, iyakar abin da zai ce ke nan. Ya zauna. Sai ga Kabir ya miƙe, hannuwansa naɗe da tsumma. Ba wanda ya zata. Ya yi jawabin da ajin bai taɓa jin irinsa ba. Ya ce su 'yan birni su suka fara zalunci, shekara da shekaru, kuma shugaban da zai iya tsayawa a gaban waɗanda suka zaɓe shi ya ce ya yi kuskure, ba a sauke irinsa. Tanko ya kasa ɗaga ido.

Jawabin nan shi ya ƙarasa Tanko. 'Yan ƙauye suka dubi juna, suka ce ga shaida nan, ɗan Kwarbai ne ke kare shi. Cikin 'yan birni kuma akwai waɗanda hannuwansu ba su warke ba, ba su kuma yafe ba. Aka kafa zana, aka jefa wake, aka sauke Tanko. A zaman nan aka zaɓi Bahago. Malam Jumare ya taso daga baya, ya ɗauki alli ya ce, “An rufe zama. Ku buɗe littafi, mun tsaya a kan rikicin sarki da majalisa.” Ranar ba wanda ya yi hamma.

Abin ya yi wa Tanko ciwo fiye da yadda ya zata. Da yamma ya ɗauki fartanya ya tafi gona shi kaɗai, yana sara kamar da ƙasar suke faɗa. Can ya ji motsi a bayansa. Kabir ne, da tasa fartanyar.

Kabir ya ce, “Na so in taimake ka, na kashe ka.”

Tanko ya ce, “Da ka yi shiru da wataƙila na tsira.”

Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu, suka yi ta yi har Tanko ya zauna a kan kunya. Da suka natsu ya karɓi fartanyar Kabir ya duba ƙotar, ya ce ta yi masa kauri, shi ya sa take cinsa. Ya ba shi tasa, ya nuna masa yadda zai sassauta riƙo ya bar nauyin ƙarfen ya yi aikin.

Bahago kuwa ya mayar da dokar farko, ya koma inuwar mangwaro da mutanensa. Ba a yi nisa ba ciyawa ta fara haɗiye gyaɗar, hedimasta ya zagayo ya yi faɗa. Sai ga Bahago ya tara aji ya ce ya yi dogon tunani ya ƙirƙiro wani tsari: kowace kunya mutum biyu, ɗan ƙauye da ɗan birni. Ya sa masa suna Tsarin Bahago. Ajin ya fashe da dariya, shi ma ya taya su, aka kuma bi. Gyaɗar ba ta yi kyau sosai ba a shekarar, amma an sami ta gasawa. Ranar da aka cire ta suka hura wuta a bakin gona, suka zauna a da'ira, har da Malam Jumare da ya naɗe babbar rigarsa ya zauna a ƙasa yana ɓare gyaɗa mai zafi yana hura yatsu. Tanko yakan ce bai sake zama a taron da ya kai wannan daɗi ba.

Bayan jarrabawa aji ya watse. A shekarar da ta biyo aka mayar da Malam Jumare wani lardi, daga nan sai labarinsa jefi-jefi. Kabir ya shiga karatun aikin mulki a makarantar Kongo, nan Zariya. Bahago ya faɗa siyasa, ba wanda ya yi mamaki, kuma duk inda ya haɗu da Tanko sai ya rungume shi ya kira shi “tsohon shugaba”. Tanko ya zama malamin gona. An sha zuwa har gida ana roƙonsa ya tsaya takara, yakan yi godiya ya ce ya taɓa yi.

Ranar da Tanko zai bar birni bayan jarrabawar nan, Adamu ya zo da jaki ya ɗaukar masa akwati. Suka yi sallama da Malam Abdullahi a zaure. Umma ta rako shi har bakin soro na ciki, inda ba ta wucewa, ta danƙa masa ƙullin daddawa da sabuwar hula, ta juya da sauri ta koma ciki. Kabir ya raka su har ƙofar gari.

Sun yi nisa, ganuwa ta fara ɓacewa a bayan dawa, Adamu ya ce, “Malam Abdullahi ya ce wai an naɗa ka sarki a makaranta.”

“An naɗa ni, Baba. An kuma sauke ni.”

“Ka cuci wani?”

“Da farko na cuta. Daga baya na daina.”

“A wanne aka sauke ka?”

“A na biyun.”

Adamu ya yi tafiya mai ɗan tsawo, sannan ya ce, “To, Allah ya kyauta.” Ya zunguri jakin da sanda, ya shiga ba shi labarin gonar fadama, da yadda ruwan bana ya yi musu.